Dalmar Tayar Gaba

Ƙarfen nan da ke tsaye a tsakar gida, wanda kuke ɗaura wa igiyar shanya, ba don shanya aka kafa shi ba. Ni na haƙa masa rami da hannuna, na zuba siminti, na sa mai walda ya liƙa masa tsohon hob na mota, wato cibiyar da ake ɗaura taya, da boris ɗin da ke sa shi juyawa, a gefe, daidai ƙugun mutum. Lokacin da aka yi wa gidan sabon daɓe ɗana Sani ya so a tuge shi, na hana, ban kuma faɗi dalili ba. Yau zan faɗa muku, ku 'ya'yana, da ke Bilki 'yar ƙanina Shehu, domin ke kika fi kowa haƙƙin jin wannan babi. Karatuna bai wuce firamare ba, kada ku nemi ado a maganata. Abin da na aikata zan rubuta, yadda na aikata shi.

Na daɗe ina tuƙin haya tsakanin Suleja da Minna kafin idona ya fara rauni na sauka. Abin da nake alfahari da shi a lokacin shi ne hannuna. Idan na kama sitiyari ya yi rawa, nakan san tayar da ke da laifi tun kafin na taka birki. Tayar mota ba ta zama da nauyi ɗaya ta kowane gefe, kuma wannan ɗan bambancin shi ke sa sitiyari karkarwa idan gudu ya yi nisa. Maganinsa a yi mata balansi, wato a ƙara wa gefen da ya fi sauƙi ɗan nauyi. Ni a gida nake yin nawa. In ɗora tayar a kan hob ɗin nan, in juya ta, in bar ta ta tsaya da kanta. Gefen da ya fi nauyi shi zai kwanta ƙasa, sai in shata masa alli. In sake juyawa, in sake, har allin ya riƙa komawa wuri ɗaya. Daga nan in narka dalmar tsohon batir a wani ƙaramin kasko na mahaifiyarku Larai, in zuba a ramin da na sassaƙa a jikin bulo, in soka ɗan ƙarfen maƙalawa tun tana da zafi. Idan ta huce in maƙala ta a bakin rim, ƙarfen da taya ke zaune a kai, daura da allin. Ranar da taya ta tsaya a ko'ina ta ga dama, to ta daidaita. Direbobi daga Chaza da Kurmin Sarki sukan mirgino tayoyinsu har ƙofar gidan nan, su zauna a benci suna kallona kamar mai duba. Ba abin da nake karɓa sai godiya, kuma godiyar ce ta kumbura mini kai.

Sai Obinna ya kama hayar shagon da ke gaban gidanmu. Mutumin kudu ne, Kirista, yana sayar da tayoyi. Mutum ne mai fara'a, kowace Sallah sai ya aiko wa Inna, mahaifiyarmu, da shinkafa, ita kuma ta aika wa matarsa da daddawa. Shekararsa ta biyu ya kawo injin balansi mai aiki da wuta. A ɗora taya, a danna maɓalli, ta yi juyi, lamba ta fito a gilashi. Abin da nake shafe rabin yini ina yi, shi kafin mutum ya gama shan shayi ya gama. Bencina ya zama fayau. Obinna bai taɓa yi mini ba'a ba, ko sau ɗaya. Ni ne nake jin ƙarar injin nan daga cikin gida kamar ana zagina.

Motata, wata tsohuwar wagon, Shehu na ba wa yake jigilar doya da ita daga Izom. Bilki, ba ki san mahaifinki yana tsaye da ƙafafunsa ba, don haka bari in kwatanta miki shi. Dogo ne, mai dariya da dukan jikinsa, kuma a samartakarsa 'yan tasha Jirgi suke kiransa saboda gudu. Inna ta sha kuka a kan wannan gudun. Ranar sunanki, bayan mutane sun watse, ta kira shi ɗakinta ta ɗora masa ke a hannu. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Auta, dubi fuskarta da kyau," in ji Inna. "Ka rantse mini ba za ka mai da ita marainiya saboda gudun banza ba."

"Na rantse, Inna. Daga yau ko mai keke ya wuce ni, sai dai in ɗaga masa hannu."

"Ba wasa nake yi da kai ba."

"Wallahi na daina, Inna."

Kuma ya daina. Fasinjoji har ƙorafi suke yi, 'yan tasha suka koma tsokanarsa cewa jirgi ya zama amalanke. Shi dai sai dariya.

Kina da shekara biyu, wata Laraba da yamma, ya dawo daga aiki. Na ji tsayuwar motar a waje, amma bai shigo ba. Da na leƙa sai na ga tayar gaba ta hagu a kan injin Obinna, Shehu na tsaye yana kallo. Jinina ya hau. Motata, ƙanina, a ƙofar gidana. Na ƙarasa ina gyara hula.

"Shehu, me ke faruwa nan?"

"Yaya, sitiyari ne ke rawa tun daga Izom. Na ce bari a ɗan duba kafin in dame ka."

Obinna ya kashe injin, ya goge hannunsa da tsumma.

"Baban Sani, wannan ba maganar balansi ba ce. Zo ka taɓa nan. Waya ta tsinke a ciki, taya ta fara kumburi. Abeg, a cire ta. Ko ba a wurina za ku saya ba, a cire ta."

"Injinka ne ya gaya maka haka?"

"Hannuna ne. Kai ma ka sa naka."

Akwai direbobi biyu zaune a shagon, cikin waɗanda a da suke zama a bencina. Suka zuba mini ido. Da ban gan su ba, wataƙila da na sa hannun.

"Mai sayar da taya bai taɓa ganin taya mai lafiya ba," na ce, da ƙarfi don su ji. "Shehu, sauke ta ka mirgino mini ita ciki."

"Yaya, ko dai mu ji tasa?"

"Tun kana rarrafe nake ɗaure taya. Mirgino ta."

Washegari da safe na ɗora ta a kan ƙarfen. Ina juya ta na ga abin da Obinna ya gani. Zanen tayar ba ya tafiya miƙe, yana zuwa wani wuri sai ya karkace kamar maciji, sannan ya dawo. Na ɗora tafin hannuna, na ji tudun yana wucewa ƙarƙashinsa kowane zagaye. Ba zan ce muku ban gane ba. Na gane sarai. Na tuna na ɗaga kai na duba ko akwai mai kallona, sai na ga Larai kawai tana tankaɗe a ƙofar kicin. Na shata alli, na hura gawayi, na ɗauko kaskon. Taya mai lafiya dalma ɗaya ƙarama ke isarta. Wannan na maƙala ɗaya, alli ya koma ƙasa. Na maƙala ta biyu, ya sake komawa. Sai da na sa uku, manya, jere da juna, sannan ta haƙura.

"Malam, yau dalmar da yawa," in ji Larai. "Ban taɓa ganin ka narka sau uku ba."

"Ki ji da garinki."

"Na ji Obinna yana gaya wa matarsa tayar ba ta da kyau."

"Obinna ne mijinki ko ni?"

Ta ci gaba da tankaɗe.

Ko a nan akwai sauran hanya. Da na mayar da tayar baya, na kawo ta baya gaba, domin fashewar tayar baya direba na iya riƙe ta. Kowane direba ya san wannan. Amma ni so nake a ga sitiyarin ya tsaya cak da wannan tayar a mazauninta, inda Obinna ya ce ba za ta zauna ba. Na ɗaure ta a gaba ta hagu, na hau titi na gwada. Rawar ta kwanta, sai ɗan abin da ba a rasa ba, wanda hannuna kaɗai zai ji. Na dawo na tsaya a ƙofar shagon, na danna hon, na ɗaga hannuwana biyu sama.

"Oga Obinna, tambayi injinka ko ya iya wannan!"

Bai yi dariya ba. Ya zo ya jingina da tagar motar, ya rage murya.

"Baban Sani, rawar nan ita ke gaya wa Shehu akwai matsala. Yanzu ka rufe mata baki."

Na ja motar na bar shi tsaye.

Kwana uku bayan haka, ranar kasuwar Izom, aka kira ni a waya kafin azahar. Na hau mashin ɗin haya na tafi. Motar na kwance a gefenta cikin wata gonar rogo, kaɗan kafin a shiga Izom, doya ta watsu ko'ina. An riga an ɗauke Shehu zuwa asibiti. Tayar gaba ta hagu ta yage, wayoyinta sun fito tsaitsaye, daidai wurin da na shata alli. Allin ma yana nan bai goge ba. Wani dattijo mai gonar ya matso da fartanya a kafaɗa ya yi mini jaje.

"Ɗan'uwanka ne? Kai, abin tausayi. Ina nan tsaye na gan shi. A hankali yake tafiya, har wata babbar mota ta wuce shi. Sai muka ji kamar bindiga, motar ta yi hagu."

Na yi masa godiya. Na jira ya juya ya shiga taya mutane tattara doya. Sannan na zaro filaya daga akwatin kayan aiki, na durƙusa kamar mai duba ɓarna, na ɓamɓare dalmomin nan uku na zuba a aljihu, na goge allin da yawu. Ƙanina yana hanyar asibiti, ban san ko yana numfashi ba, ni kuwa abin da na fara yi ke nan.

A harabar asibiti na tarar da 'yan tasha sun taru. Ba wanda ya ga abin da ya faru a cikinsu, amma kowa ya riga ya yanke hukunci: Jirgi ya koma halinsa. Ina jin su, dalma na ja mini aljihu, ban ce uffan ba. Can Inna ta iso, Larai na riƙe da ita. Ba ta kula kowa ba, ni ta nufa.

"Ɗanjuma, kai ka je wurin. Gaya mini gaskiya. Gudu yake yi?"

Kalma ɗaya take nema, a'a, kuma ina da ita a bakina da shaidar dattijon nan.

"Inna," na ce, "kin dai san Shehu."

Ta sake hannun Larai ta zauna a ƙasa.

Shehu ya farfaɗo bayan kwana huɗu. Ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Kuma bai tuna komai ba tun daga lokacin da aka gama loda masa doya. Da ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa abin da kowa ke faɗa. Ya yi ta kallon rufin ɗakin, sannan ya ce shi bai tuna ya taka mota ba, amma tunda Yaya ya je wurin ya gani, to haka ne. Ya yarda da ni fiye da yadda ya yarda da kansa.

Aka dawo da shi gidan nan, ɗakin da yanzu kuke ajiye buhunan masara. Inna ce ta yi jinyarsa tare da mahaifiyarki, Bilki. Takan juya shi, ta shafa masa man kaɗe a baya, ta ba shi kunu da hannunta. Ba ta taɓa yi masa gori ba. Abu ɗaya kawai ta yi: ba ta ƙara kiransa Auta ba. Shehu take cewa, kamar kowa. Shekara huɗu ta yi a haka ta rasu, tana ganin ɗanta ya riƙe jaririya a hannu ya rantse mata, ya kuma karya. Na tsaya a kan kabarinta na zuba ƙasa, mutane suna cewa ga ɗan kirki wanda ya riƙe gida.

Obinna ya zo dubiya tun makon farko, da lemo a leda. Da zai fita na raka shi zaure. Ya tsaya ya dube ni.

"Na je na ga motar inda aka ja ta. Ba dalma a rim ɗin."

"Ta faɗi a hatsarin."

"Duka uku? Baban Sani, ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba gidana ba ne. Amma ka gaya wa Mama. Ka gaya wa Shehu. Mutumin nan yana kuka yana cewa shi ya kashe kansa."

Bai faɗa wa kowa ba kuwa. Amma kullum zan fita sai na wuce ta gabansa, ya gaishe ni, in ga abin a idonsa. Da shekara ta zagayo na ce masa ina bukatar shagon, Sani zai fara sana'a. Sani yana makaranta a lokacin, kun sani. Obinna ya kwashe tayoyinsa da injinsa, matarsa ta shigo ta yi sallama da Inna suna hawaye. Shagon ya yi shekara biyu a kulle, ɓeraye na haihuwa a ciki. Na ji daga baya ya koma garinsu. Ban san ko yana raye ba. Idan ɗayanku ya taɓa haɗuwa da shi ko da 'ya'yansa, ku gaya musu gaskiya ya faɗa, kuma saboda gaskiyar na kore shi.

Mahaifiyarku ma ta sani. Ranar da aka dawo da Shehu na nemi kaskon nan na rasa, ashe ta jefa shi a bola. Ba ta taɓa tona ni ba, har Allah ya karɓi ranta. Sau ɗaya ta yi magana, ranar da Bilki ta dawo daga makaranta tana kuka don wata yarinya ta ce mata ubanta ɗan ganganci ne. Bayan yara sun fita Larai ta ajiye mini abinci, ta tsaya a kaina.

"Malam, har yaushe yarinyar nan za ta riƙa ɗaukar kayan da ba na ubanta ba?"

"Me kike so in yi? In na faɗa, ƙafafunsa za su dawo?"

"Ƙafafu ba za su dawo ba. Sunansa fa?"

Na ture kwanon na fita masallaci. Haka nake yi duk lokacin da maganar ta matso ni, in tafi masallaci in tsaya a sahun gaba.

Kada ku ce ban kula da Shehu ba, domin wannan shi ne abin da na riƙa rufe kaina da shi. Ni nake ɗaukarsa in kai shi wanka. Ni na sayo masa keken guragu. Ni na riƙe karatun Bilki har ta gama. Unguwa duka ana misali da ni, iyaye na cewa 'ya'yansu su yi zumunci irin na Ɗanjuma. Duk abin da na yi masa, dalma ce nake ƙara maƙalawa don kada a ji rawar. Shi kuwa kowace hidima na yi masa sai ya sunkuyar da kai, yana jin kunyar wanda ya jawo wa ɗan'uwansa wahala.

Shekara tara ya yi a zaune. A ƙarshe ciwon ƙoda ya kama shi, jikinsa ya kumbura. Wata Juma'a bayan la'asar ya ce in fito da shi ya sha iska. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, kansa na kusa da gindin ƙarfen nan. Ya ɗaga hannu ya juya hob ɗin, ya yi ƙara saboda tsatsa.

"Yaya, ka daina balansi gaba ɗaya. Da kai ne gwanin garin nan."

"Ido ya tafi, Shehu."

"Akwai abin da nake so in roƙe ka. Na daɗe ina jin nauyinsa." Ya yi numfashi da ƙyar. "Ka ba ni motarka amana, ka gyara mini ita da hannunka, na je na lalata ta da ganganci. Na sa Inna ta tafi da fushina. Ita ba ta nan balle in roƙe ta. Kai dai ka yafe mini."

Ba kowa a tsakar gidan sai mu biyu. Dalmomin suna cikin ɗakina, a gwangwanin madara, taku goma daga inda yake kwance. Na buɗe baki, kuma wallahi na yi niyyar faɗa. Sai na hango fuskarsa idan ya ji, na hango shekaru tara na godiyar da ya yi mini, na ji tsoro. Ba tsoron Allah ba, tsoron idon ƙanina.

"Na yafe maka," na ce.

Ya yi murmushi, ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya samu sauƙi. Ranar Lahadi ya rasu.

Na yi istigifari iyakar abin da harshena zai iya, amma malamai sun gaya mini haƙƙin mutum sai mutumin ya yafe, kuma waɗanda zan roƙa biyu suna ƙasa, ɗaya ban san inda yake ba. Saura ke, Bilki. Ban rubuta wannan don ki yafe mini ba. In kin ga dama ki daina gaishe ni, ki hana 'ya'yanki kirana Kaka, ba zan ce kin zalunce ni ba. Gwangwanin yana ƙarƙashin gadona ta wajen bango, dalma uku a ciki, har da alamar haƙorin filaya a jikinsu. Naki ne. Ki nuna wa duk wanda ya taɓa ce miki ubanki ɗan ganganci ne, ki gaya masa wanda ya narka su. Ƙarfen tsakar gida kuma, Sani, kada ka tuge shi sai bayan an fitar da ni.

Ranar nan a hanyar Izom, a hankali mahaifinki yake tafiya, har babbar mota ta wuce shi. Bai karya rantsuwar da ya yi yana riƙe da ke ba.